BAKKALE: Zazzaɓin Da Ke Tashi Daga Turke Ya Kwantar Da Mai Gida

DUK wanda ya zauna a unguwar Nasarawo ta cikin garin Gombe, ko da na mako guda ne, ya san akwai abu biyu da ba sa yankewa a lungunanta. Na farko shi ne matan Fulani da ke shigowa tun da hantsi, ƙwarya bisa kai, suna bi gida gida da tallan nono. Na biyu kuwa kukan awaki da tumaki daga bayan katanga, gama gidaje da yawa ba su rasa turke, ko da na akuya ɗaya ce ta uwargida. Waɗannan abubuwa arziki ne, babu mai musu. Amma kuma ta cikinsu ne wata cuta ke bi ta shiga jikin mutum, ta kwantar da shi wata da watanni, ya yi ta kashe kuɗi wajen sayen maganin abin da ba shi ke damunsa ba.

Makiyaya sun daɗe da sanin wannan cuta a jikin shanunsu, suna kiranta bakkale. Likitoci kuwa suna kiran ƙwayar da ke kawo ta burusela. Abin takaicin shi ne, makiyayin da ya san ta a jikin saniya sau da yawa bai san tana kama mutum ba, shi kuma ma'aikacin lafiya da ya karanta ta a littafi ba kasafai yake tambayar majiyyaci ko akwai dabba a gidansa ba. Tsakanin waɗannan biyu ne cutar ta sami wurin ɓuya.

Yadda Take Farawa

Bakkale ba ta faɗa wa mutum rana ɗaya. Daga ranar da ƙwayar ta shiga jiki takan yi mako biyu zuwa huɗu kafin ta nuna kanta, wani lokaci ma har wata biyu, shi ya sa mai ita ba ya iya tuna inda ya ɗauko ta. Da fari kasala ce kawai, mutum ya tashi daga barci ya ji kamar ya yini yana huɗa. Sai ciwon kai ya biyo baya, abinci ya fita daga ransa, gaɓoɓi su yi ta tsami.

Sa'an nan sai zazzaɓi ya zo, kuma zazzaɓin yana da halinsa na daban. Da safe mutum yakan tashi garau, har ya fita kasuwa ko ofis. Da la'asar ta yi sakaliya sai jiki ya ɗauki zafi, sanyi ya riƙa kaɗa shi, ya nemi bargo ko da cikin bazara ne sa'ad da mutanen Gombe ke kwana a tsakar gida saboda zafi. Can cikin dare sai zufa ta karyo masa, ta jiƙa riga, ta jiƙa shimfiɗa, har sai an sāke. Likitocin da suka saba da cutar sun kwatanta warin wannan zufa da na harawar da ruwa ya daka ta fara ruɓa. Kashegari da safe kuma sai a ga mutum kamar ba shi ba.

Haka za a yi ta yi mako biyu ko uku, sai zazzaɓin ya sauka don kansa. Iyali su yi hamdala, masu dubiya su daina zuwa. Bayan 'yan kwanaki, ko 'yan makonni, sai ya komo kamar yadda ya fara. Saboda wannan hawa da sauka ne Turawa suka laƙaba mata sunan da ke nufin zazzaɓi mai tafiya kamar igiyar ruwa.

To, a nan ne ɓatan kai ke farawa. A Nasarawo, kamar ko'ina a ƙasar nan, zazzaɓi suna biyu gare shi, in ba na cizon sauro ba ne to taifot ne. Mai gida ya aiki yaro kemis a sayo maganin maleriya, ya sha kwana uku, zazzaɓin ya yi daidai da lokacin saukarsa, sai a ce magani ya yi aiki. Da ya dawo sai a ce, "Malam, ai wannan taifot ne, a je a yi gwaji." A yi gwajin Widal, wanda likitoci da kansu suka san yakan nuna taifot ko a jikin wanda ba shi da ita. A rubuta ƙwayoyi na kwana bakwai ko goma. Wasu daga cikin waɗannan ƙwayoyi suna taɓa burusela, su danne ta na ɗan lokaci, amma ba su gamawa da ita. Sai mutum ya shiga sahun waɗanda ake ce wa suna da "taifot mai dawowa," ya rame, wando ya yi masa yawa, jari ya karye. Daga nan maƙwabta su fara raɗe-raɗin ko sammu ne, ko kuwa wata cutar ce da ba a son faɗin sunanta.

Ba ana nufin duk zazzaɓin da ya ƙi jin magani bakkale ba ne. Maleriya gaskiya ce, taifot gaskiya ce, tarin fuka ma yakan zo da zufar dare da rama. Maganar ita ce akwai ta huɗu da ba a sa ta cikin lissafi.

In Ta Daɗe A Jiki

Dalilin taurin kanta shi ne wurin da take zama. Jikin ɗan Adam yana da fararen ƙwayoyin jini waɗanda aikinsu su haɗiye duk wata ƙwayar cuta su narkar da ita. Ita burusela in an haɗiye ta ba ta mutuwa, sai ta zauna cikin wanda ya haɗiye ta ta yi ta hayayyafa, kamar ɓarawon da ya tare a gidan ɗan doka. Ta haka take isa hanta da saifa da ɓargo, har hantar da saifar su kumbura.

Inda ta fi yin ɓarna shi ne ƙashi da gaɓoɓi. Saurayi mai jini a jika sai ya fara ɗingishi, yana kukan kwankwaso ko gwiwa, ya kasa yin ruku'u sai a zaune. Dattawa kuwa ƙashin baya take kamawa, har akan ɗauka tarin fuka ne na ƙashi, a ɗora su kan maganinsa. A gida kuma a ce sanyin ƙashi ne, a yi ta shafe-shafe da ƙaho.

Akwai kuma wadda maza ba su son faɗa. A jikin wasu mazan cutar takan sauka a 'ya'yan maraina, yawanci ɓari ɗaya, ya kumbura ya yi zafi da ciwo. Magidancin da wannan ya sama kunya takan hana shi zuwa asibiti, don kada a zarge shi da neman mata, sai ya lallaɓa wurin mai magani a bakin tasha. Alhali kuwa abin daga turken gidansa ya fito. Mace mai ciki kuma in ta kamu, hatsarin ɓari ko haihuwar bakwaini yana ƙaruwa. Gidan da akuya ta yi ɓari a watan jiya, amarya ta yi nata a wannan wata, ya kamata a yi tunanin turke kafin a fara kallon kishiya.

Ba cuta ce mai yawan kisa ba, waɗanda take kashewa ba su wuce biyu cikin ɗari ba ko da ba a yi magani ba, kuma yawancinsu ta hanyar kama ƙofofin zuciya ne. Jefi-jefi takan taɓa ƙwaƙwalwa. Amma wanda ya shekara yana jan jiki, ga ɓacin rai da baƙin ciki marar dalili wanda shi ma alamarta ne, ba zai ce da ita ƙaramar cuta ba.

Daga Ruga Zuwa Turke

A jikin saniya alamar ba ta ɓoyuwa. Takan ɗauki ciki lafiya, sai ya kai wata shida ko bakwai ta zubar. Mabiyiya ta maƙale ta ƙi faɗowa. Nono ya ragu. In cutar ta daɗe a garke sai a ga gwiwoyin wasu shanun sun kumbura sun tara ruwa, bijimi kuma marainansa su kumbura ya daina ba da ciki. Yawanci sau ɗaya saniya ke ɓarin, daga nan ta ci gaba da haihuwa kamar ta warke, amma ƙwayar tana nan cikin hantsarta, tana fita cikin madara shekara da shekaru. Awaki da tumaki da raƙuma su ma suna da tasu, kuma irin ta awaki da tumaki ita ce ta fi tsanani in ta kama mutum.

Makiyayi mai hankali in ya ga saniya ta yi ɓari, ko ta daina ɗaukar ciki, ba ya barinta ta ci ciyawa a banza, kasuwa yake kai ta. Ba za a ga laifinsa ba, dukiyarsa yake tsarewa. Amma daga kasuwar ƙauye sai ta faɗo Tike a cikin Gombe, inda ko dai mahauci ya saye ta, ko wani ma'aikaci mai son kiwon gida ya ga araha ya kai ta turke. Haka tunkiya, haka akuya. Ga kuma al'adar aron bunsuru ko rago tsakanin maƙwabta, da sakin dabbobin unguwa su yi kiwo tare a kan juji.

Ranar da ta fi kowace hatsari ita ce ranar haihuwa ko ɓari. Ruwan haihuwa da mabiyiya da mataccen tayi cike suke da ƙwayar, fiye da kowane abu da ke fita daga jikin dabbar. A gidajen cikin gari kuwa wa ke wannan aiki? Uwargida ce ke sa hannu ta taimaki akuyarta, yara su ɗauki abin da ya faɗo su kai bola da hannu tsirara, karnuka su ja shi zuwa wani lungun. Ƙwayar tana shiga ta ɗan yanka ko faso a hannu, ta ido in ruwan ya fantsama, har ma ta numfashi sa'ad da ake sharar turke. Rana tana kashe ta da sauri, amma a cikin danshi da inuwa, kamar takin da aka tara a kusurwa da damina, takan yi makonni da rai.

Mahauta su ne a gaba wajen wannan hatsari. A kwata akan yanka shanu masu ciki ba tare da an sani ba, sai an farke a ga tayi, kuma yaran da ke wankin kayan ciki su ne ke fama da shi, hannuwansu duk tsagar wuƙa. Wannan bai tsaya ga Gombe ba, domin shanun da ake lodi daga Arewa maso Gabas su ne ake saukewa a Agege da Bodija da Anacha, kuma 'yan Arewa ne da yawa ke aikinsu a can. Shi dai naman da ya dahu, ko tsire da balangun da suka gasu sosai, babu abin tsoro a cikinsu.

Sai maganar nono, wadda dole a yi ta da adalci. Tafasa tana kashe burusela sarai. Kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a sa mata iri ba shi da laifi. Matsalar tana ga madarar da aka sha ɗanya daga tatsa, da nonon da aka bari ya yi tsami ba tare da ya ga wuta ba, da ɗanyen man shanun da ake jefawa cikin fura. Tsami yana rage ƙwayar, amma ba abin dogara ba ne, balle nonon kwana ɗaya. Ga kuma ɗanyen nonon raƙumi da mutane ke sha don neman lafiya, wasu har suna cewa in an dafa shi maganin ya tafi. Raƙumi yana ɗauke da cutar kamar yadda akuya ke ɗauke da ita.

Abin Da Ya Faru A Malta

Labarin gano cutar yana da kama da abin da ake gani a Nasarawo. A tsibirin Malta, cikin tekun Bahar Rum, sojojin Ingila sun yi shekaru suna kwanciya da wani zazzaɓi da ba a san kansa ba. A 1887 wani likitan soja, David Bruce, ya ga ƙwayar a cikin saifar sojojin da suka mutu, kuma daga sunansa ne aka sami kalmar burusela. Shi ne dai mutumin da daga baya ya gano cewa ƙudan tsando ke kawo wa shanu sammore. Amma ganin ƙwaya daban, sanin inda take fitowa daban. An zargi ruwa, an zargi iska, an zargi sauro, har shekara 18.

Sai a 1905 wani likita ɗan tsibirin, Themistocles Zammit, ya gwada jinin awaki ya tarar da cutar a jikin waɗanda ake gani lafiya lau. A lokacin masu awaki kan kora su cikin gari ƙofa ƙofa, a tatsa a gaban mai saye, kowa yana murna ya sami madarar da ba a sirka da ruwa ba. Da aka hana sojoji shan ɗanyar madarar akuya a 1906, sai zazzaɓin ya kusa ɓacewa daga bariki. Mutanen gari kuwa suka ƙi yarda, masu awaki suka yi fushi, aka ɗauki kusan shekara ɗari kafin tsibirin ya rabu da cutar. A ɓangaren shanu kuma wani likitan dabbobi na ƙasar Denmak, Bernhard Bang, shi ya gano ƙwayar ɓarin a 1897, sai a 1918 wata Ba'amurkiya, Alice Evans, ta nuna cewa ta shanu da ta awaki dangin juna ne.

A Nijeriya an fara ba da rahoton cutar a dabbobi tun 1927. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya gwada shanu fiye da 4,000 a jihohin Adamawa da Kaduna da Kano, ya sami alamarta a jinin kimanin saniya ɗaya cikin huɗu, da kuma garke uku cikin kowane huɗu. Wani kuma da aka yi a gandun kiwo na Kachia ya sami ƙasa da biyu cikin ɗari. Watau abin ya danganta ga wuri da irin kiwo. Amma Adamawa maƙwabciyar Gombe ce, kuma saniya ba ta san iyakar jiha ba, balle jihar da ke da gandun kiwo kamar Wawa-Zange mai faɗin hekta fiye da 140,000. A duniya baki ɗaya an daɗe ana cewa mutum 500,000 ke kamuwa kowace shekara, sai wani lissafi na 2023 ya ce adadin ya kai wajen miliyan 2, kuma Afirka da Asiya ne suka fi ɗaukar nauyin.

Gwaji Da Magani

Gwajin farko ba shi da wuya. Ana kiransa Ros Bengal. Akan ɗiga ruwan jinin majiyyaci a kan farin faranti, a haɗa da ɗigon wani ruwa mai launin hoda, a jujjuya minti huɗu. In ya yi gudaji-gudaji kamar madarar da ta tsinke, to akwai alamar cutar, sai likita ya haɗa da abin da ya gani a jikin mutum, in da hali a ƙara wani gwajin don tabbatarwa. Da shi ne likitocin dabbobi ke gwada shanu. Garin da ke da Asibitin Koyarwa na Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Jiha bai kamata a ce irin wannan gwaji ya fi ƙarfinsa ba. Abin da ake bukata shi ne wani ya tuna da cutar ya nemi a yi.

Maganin ma sananne ne, sai dai yana son haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magani biyu: ƙwayar doksisaikilin sau biyu a rana har kwana 45, tare da allurar sitireftomaisin ta kwana 15, ko kuwa doksisaikilin da rifamfisin na kwana 45 ɗin. In ta kama ƙashin baya ko zuciya, sai an yi watanni. Cikin mako guda zazzaɓi kan sauka, kuma a nan ne mutane da yawa ke yar da magani su koma kasuwa, cutar kuwa ta dawo. Ba magani ba ne da za a saya a kemis bisa jin labari. Mace mai ciki da yaron da bai kai shekara takwas ba ba a ba su doksisaikilin, akwai nasu daban. Shi kuma rifamfisin babban makamin tarin fuka ne, in aka yi ta shansa barkatai za a wayi gari ya daina yi wa masu tarin aiki.

Babu allurar rigakafi ta mutum. Ta dabbobi ce ake da ita, wadda ake yi wa 'yan maruƙa mata tun suna ƙanana, kuma Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke aiki tun 1924, ta san yadda ake yinta. Ƙasashen da suka rabu da cutar sun yi haka ne ta hanyar allura, da gwaji, da yanka dabbar da ta kamu a biya mai ita diyya. In babu diyya, babu makiyayin da zai kawo saniyarsa a gwada, kuma ba wauta ba ce ta hana shi.

A Yunin 2023, da Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta yi gargaɗi kan cutar saifa har ta ce a dakata da cin ganda, sa'an nan a Yuli aka tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja, ƙasar nan duk ta ɗauka, rediyo da jaridu babu wanda bai yi magana ba. Ita saifa tana kayar da sa nan take, jini na fita ta hanci, dole a kula. Bakkale kuwa ba ta tara jama'a, ɗaya ɗaya take bi. Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, ga aiki nan yana jiranta.

Kafin nan, abin da ke hannun mutanen Nasarawo ba ya bukatar kasafin kuɗi. Korar mai nono daga ƙofar gida ba dabara ba ce, domin da wannan ƙwaryar take ciyar da 'ya'yanta, kuma ita da su ne suka fi kowa shan ɗanyar madarar. Abin yi shi ne a tambaye ta, "Inna, an tafasa kuwa?" In masu saye suka yawaita tambaya, tukunya za ta hau wuta a ruga. Madarar akuyar gida a tafasa ta kafin a ba yaro, man shanu a soya shi. Dabba in za ta haihu a ware ta, mai ciki kada ta je kusa, wanda zai taimaka ya sa hannunsa cikin leda in babu safar roba, ya wanke da sabulu bayan ya gama. Abin da ya faɗo kuma a haƙa rami mai zurfi a binne, inda kare ba zai tono ba.

Shi kuma wanda zazzaɓi ya yi wa mako biyu yana tafiya yana dawowa, ya sha na maleriya ya sha na taifot babu canji, in ya zauna gaban likita kada ya jira a tambaye shi. Ya faɗi sana'arsa in mahauci ne ko dillalin dabbobi, ya faɗi irin nonon da yake sha, ya kuma faɗa in akwai akuyar da ta yi ɓari a gidan cikin watanni uku da suka wuce.